Katifa Bakwai, Baƙo Ɗaya

Kafin abin da zan ba da labarinsa ya faru, sau ɗaya tak na taɓa kwana a otal. A Birnin Kudu ne, ranar da na zo rajistar makaranta aka tashi layi bai zo kaina ba, ga shi ban san kowa a garin ba. Wani mai shayi ya nuna mini wani ɗan masauki a bayan tasha. Mutumin da ke karɓar baƙi bai tambaye ni ɗan gidan wa nake ba, bai tambayi mutanen gida ba, kansa ma bai ɗago sosai ba. Ya miƙo mini makulli ɗaure da guntun katako mai lamba shida, ya ce bokiti na banɗaki.

Ni mutum ne mai jin nauyin mutane. A ƙauyenmu, tsakanin ƙofar gida da masallaci sai ka yi gaisuwa goma, kowacce da durƙusonta. Saboda haka da na rufe ƙofar nan na murza makulli, na tabbata ba wanda zai ƙwanƙwasa ya ce in fito a gaisa, sai daɗi ya kama ni har na yi tsalle a kan gadon sau biyu. Sannan na gyara zanen gadon yadda na same shi. Na fito da littafina na rubuta duk abin da ke ɗakin, don haka nake, ba na iya zama a wuri ban rubuta shi ba: gado ɗaya, fanka mai kuka, talabijin mai kama tasha ɗaya, sabulu kamar alewa, bokiti shuɗi, da kibiyar alƙibla da wani ya zana da biro a bango. Da safe na mayar da makulli, mutumin ya rataye shi a ƙusa. In ka tambaye ni yau me ya faru a daren nan, ba abin da ya faru, kuma a lokacin abin da nake so ke nan.

A shekararmu ta biyu aka haɗa mu da wani malami mai koyar da harkar saukar baƙi da yawon buɗe ido. Gajere ne, gemunsa ya yi furfura, yana kallon mutum ta saman tabarau. Wata rana ya ce mana a wasu ƙasashe akwai masaukan da ba barci ake zuwa yi ba. Akwai wanda ake gina shi kamar cikin jirgin ruwa, ma'aikata su sa kayan matuƙa, da asuba a tashe ka da ƙararrawa. Akwai inda ake mayar da tsohon kurkuku masauki, a ba ka rigar fursuna, a kulle ka har safe.

Wani ɗan ajinmu, ɗan Wurno, ya ɗaga hannu. "Malam, da ƙafarsu suke zuwa a kulle su?"

"Har rububi suke yi."

"Allah ya raba mu da ƙoshi mai yawa."

Da dariya ta lafa Malam ya ce, "A otal ɗaki ake ba ka. A can kuwa labari ake ba ka, a ce shiga ciki ka kwana." Sai ya ba mu aiki: kowa ya tsara irin wannan masauki a takarda, da abin da ke ƙasarmu.

Ni na tsara nawa a kan gidan kakata da ke wani ƙauye a yankin Farin Dutse. Na sa masa suna kwana ɗaya a zamanin kakanni. Shafi goma sha biyu na rubuta, na jera abubuwa arba'in da ɗaya da za a tanada, daga akushi da ludayi har fitilar aci-balbal. Ba waya, ba lantarki, ba roba ko ta shan ruwa. Wanda ya zo shi zai ɗebo ruwansa, ya faso itacensa, ya kwana a gadon kara. Malam ya karanta ya sa ni in tashi in yi bayani a gaban aji. Na tashi, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zauna. Tunda ba ka iya faɗa, sai mu je mu gani."

Mutum biyu ya zaɓa su raka shi. Ɗaya ɗan Wurnon nan ne, wanda ya faɗa a fili cewa shi a zamanin kakannin aka haife shi, kuma har yanzu a ciki yake, zai je ne don ya ji an ce tsohuwar tana da kaji. Ɗayan ɗan Kano ne, asalin iyayensa Gwaram, amma bai taɓa ganin cikin rumbu ba. Dogo ne siriri, bakinsa ba ya hutawa.

Ranar Alhamis na riga su zuwa don in shirya. Kakata ta wajen uba ce, kowa Inna yake ce mata. Tun kakana na da rai gidansu ne gidan saukar baƙi a ƙauyen. Duk wanda dare ya yi masa a hanya, mai tallan gishiri ne ko mai awon gona, can ake nuna masa. Bayan rasuwar kakana ma ba ta bari abin ya mutu ba. Tana da kwanukan da ba wanda ya taɓa cin abinci a cikinsu a gidan, na baƙi ne. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, jibi zan kawo baƙi. Malamina da abokaina biyu."

"Madalla. A kama jan zakaran nan tun gobe, ya cika wayo."

"Ba kaza za su ci ba, Inna. Tuwon dawa za a yi musu, a akushi. A gadon kara za su kwana. Su za su ɗebo ruwa da kansu."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta ta dube ni.

"Me suka yi maka?"

"Ba su yi mini komai ba. So suke su ga yadda kuka yi rayuwa a da."

"Ko a da ɗin, baƙo bai taɓa riƙe guga a gidan nan ba." Ta nuna darnin da ke bayanta da haɓa. "Kana so ta gidan can ta ji?"

Ta gidan can maƙwabciyarta ce, sa'arta, aminiyarta tun suna amare. Ba sa iya kwana biyu ba su ga juna ba, amma shekara da shekaru kowacce na jiran ranar da ɗayar za ta yi abin faɗa.

Na buɗe littafi na karanta mata jerin, ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga ba wasa nake ba. Ta saurara har na zo na goma sha bakwai, inda na rubuta cewa da ƙyastu za a kunna wuta.

"Wa ya gaya maka?"

"A littafi na gani."

"Ko uwata ban gani da ƙyastu ba. Kasko ake ɗauka a shiga maƙwabta a ɗebo garwashi."

Na soke na gyara. Da na kai ƙarshe ta ce, "To," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Juma'a, in ban da zuwa masallaci, ban zauna ba. Na jawo akusa daga ƙarƙashin gado na wanke na shafe su da man gyaɗa. Na gyara gadajen kara a ɗakin zaure. Na murza auduga na yi lagwani. Na kwashe bokitan roba da rediyo na ɓoye bayan rumbu, na cire kalandar bango, har igiyar shanya na kwance don ta leda ce. Duk wanda na gama sai in sa masa alama a littafi. Inna na zaune tana kallona, tana yi mini sannu da aiki. Ranar Asabar da hantsi na hau babur na tafi Gwaram taryen su.

Ban taɓa yin surutu irin na ranar nan ba. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya nuna, hanya ta yi laushi, baburanmu na bin juna a tsakanin gonaki. Ina bayan mai babur ina juyowa ina ɗaga murya, ina gaya wa Malam abin da zai tarar. Ɗan Kano ya ce ashe ina da murya. Da muka iso gindin kukar da ke bakin gari na tsayar da kowa, na sallami masu babura, na fito da ƙwaryar da na taho da ita a jaka. Na ce kowa ya sa wayarsa. Malam ne ya fara sa tasa, yana murmushi. Na rufe da faifai. Na ce, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba, "Daga nan mun koma shekara sittin baya."

Muka sha kwanar lungunmu, sai muka ji ƙarar janareto.

Awa huɗu kawai na yi ba na nan. A ƙofar gida an jera fararen kujerun roba shida. Janareton mai cajin waya na kasuwa na ta ruri a gindin darni, an ja waya har cikin ɗaki, inda wata doguwar fanka ke juya kai. Lemon kwalba na jiƙe a cikin baho. A tsakar gida kuwa, jingine da bango, katifu ne har bakwai, kowacce da irin zanenta, don Inna ta aika gida-gida an aro, abin da ke nufin ba wanda bai san da zuwanmu ba a ƙauyen. Ƙamshin shinkafa da jar miya ya cika gidan. Ba jan zakaran kaɗai ba, har da farin ya tafi. Akusana sun koma ƙarƙashin gado. Fitilar aci-balbal na hango ta a kan rumbu, a kife. Inna ta fito cikin atamfarta ta Salla tana lale marhabin, ta saman darni kuma ga ɗankwalin ta gidan can.

Ɗan Wurno ya zauna a kujera ya miƙe ƙafa, ya ɗauki lemo. "Allah ya ƙara mana irin wannan zamanin kakanni."

Malam ya dubi katifun, ya dubi ƙwaryar da nake rungume da ita, ya dube ni ta saman tabarau.

Na ja Inna bayan rumbu. "Inna, kin ce to."

"Na ce. Ai ba a musu da mai karatu, bari ake yi ya tafi tasha."

"Kin ɓata mini komai."

"Kai gobe za ka hau mota ka koma makaranta," in ji ta, a hankali. "Ni a nan zan zauna da bakin mutane. Su ce tsufa ya sa ta fara kwantar da baƙi a kan kara tana aiken su rijiya. Wannan gidan ba shi da gona mai yawa, ba shi da shanu. Sunan nan kaɗai kakanka ya bar mini."

Na koma na zauna a bakin turmi, littafina a cinya, ina jin kunyar Malam, ina kuma jin kunyarta.

Sai ɗan Kano ya tashi ya je gaishe ta. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya tambayi gida da damina. Daga nan ya ɗago kai ya ƙare wa atamfar kallo. Shi kakanninsa mata duk sun rasu yana ƙarami, don haka duk tsohuwar da ya gani sai ya tsokane ta.

"Tsohuwa, duk wannan kwalliyar ni aka yi wa?"

A wurinmu wasa ne tsakanin kaka da jikanta namiji, ta ce masa mijinta, shi ya ce mata matarsa, su yi ta faɗan ƙarya. Inna ba ta tsaya tunani ba, bakinta ya riga ta.

"Kai? Da wannan wuyan naka kamar na zalɓe?"

"Haka kika gan ni kika ce kina so."

"Wane irin miji ne zai shigo gida hannu na dukan cinya? Ina cefane? Ko itace babu."

"Nuna mini gatarin mana."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta tsaya. Ina kallon fuskarta. Ta dubi ɗan Kano, ta dubi ɗan Wurno da lemonsa, ta dubi darni. Sai ta gyara ɗaurin zane ta ɗaga murya yadda za a ji har gida uku.

"Ashe ba baƙi ya kawo mini ba. Jikoki ne. Ni da nake ta wahalar da kaina." Ta shiga madafa ta fito da gatari ta dangwarar a gaban ɗan Kano. "Baƙo ba a ba shi gatari. Jika kuwa har tsintsiya. Kai mai lemo, ajiye."

"Inna, ni wallahi baƙo ne," in ji ɗan Wurno. "Daga Wurno nake."

"Wurno nan? Kai ne ma za ka fara zuwa rijiya."

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba ta tsayawa. Na ruga na sauko da aci-balbal daga kan rumbu, na jawo akusa, na fara kwashe kujeru. Malam ma ya miƙe, fuskarsa ta washe, ya cire hula ya fara naɗe hannun riga.

"Ni fa, Inna, wane aiki za a ba ni?"

Inna ta rusuna. "Allah gafarta Malam, zauna. Mai furfura ba ya zama jika. Kai ne baƙonmu."

"Ai ni na kawo su, Inna. Don wannan na zo."

"Shi ya sa. Babba ne kai."

Ba yadda bai yi ba. Ta sa muka shigar da katifa uku ɗakin kakana muka ɗora su kan juna, muka daidaita masa fanka, muka kai masa shinkafa a kwanukan baƙi da zakaru biyu, da ruwan wanke hannu da tawul. Ta saki asabari a ƙofar. Daga baya na gane lissafinta. Ƙauye ya ga an ari katifu da janareto, dole a ga baƙon da aka yi wa. Mutum ɗaya ya ishe ta. Haka gida ɗaya ya zama masauki biyu, asabari ne kawai a tsakani.

Mu kuwa muka shiga hannun Inna. Ɗan Wurno ya yi sawu huɗu a rijiya yana gunaguni, yana cewa ya bar wannan aikin a gida ya hau mota ya zo ya same shi. Ɗan Kano ya ce shi ma sai ya ɗauki tulu. Ya iso gida rabin ruwan a cikin rigarsa, Inna ta ce ta ga mijin da ya yi wanka a hanya don ƙyashin sabulu. Ya sari itace sau goma bai fasa ba, a na goma sha ɗaya ya fashe, ya ɗaga gatari yana zagaya tsakar gida. Muka ɗaure awaki, ɗaya ta ja ni har cikin kwata. Inna ta canza atamfa ta ɗaura tsohon zanenta, tana ba da umarni daga kan kujerar tsuguno, ta ce yau ta yi miji uku kuma ba na kirki ko ɗaya.

Da la'asar ta yi sanyi aka zo ɗora tuwo. Akwai sauran wuta a murhun da aka dafa shinkafa, amma Inna ta ce wannan wutar baƙi ce. Ta ɗauko kasko ta miƙa wa ɗan Kano. "Mai littafi ya ce a maƙwabta ake ɗebowa. Shiga gidan can."

Na san abin da take yi. So take a yi ta ta ƙare. Na bi shi. Muka yi sallama a ƙofa, ta gidan can ta fito da muciya a hannu. Ta dubi kaskon, ta dubi jiƙaƙƙiyar rigarsa, idonta ya yi haske.

"Ikon Allah. Baƙo ta aiko ɗibar wuta?"

"Wane baƙo, Iya?" in ji ɗan Kano. "Maigidan ne da kansa. Auren ne ba daɗi, tun rana take ba ni wahala. Na ce bari in leƙo ko ke za ki fi ta haƙuri."

Ta ɗaga muciya ta bi shi, ya zagaya bayana, tana dariya har tana tari. Ta ce ita ba ta auren ragowar wata. Ta zuba masa garwashi, ta haɗa masa da ƙullin daddawa ta ce ya kai wa matar tasa, don tata ba ta da ƙamshi. Muna juyawa ta kira ni.

"Malamin fa? Shi ma rijiyar aka tura shi?"

"Yana ɗaki, Iya. A kan katifa uku. Zakara biyu aka kai masa."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ta jujjuya muciya. "To, haka ne daidai," in ji ta, kamar an ƙwace mata wani abu.

Da na gaya wa Inna, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Amma ta ƙara man shanu a miya har sau biyu.

Bayan magariba muka zauna a tabarma, akushi ɗaya a tsakiya, tuwon dawa da miyar kuka, aci-balbal na ci a gefe. Na jawo littafi zan sa alama a na talatin da biyu. Inna ta miƙo hannu ta zare shi, ta ɗaga faifai ta jefa shi cikin ƙwarya a kan wayoyi.

"A zamaninmu ba mai rubuta tuwo. Sa hannu."

Na sa hannu. Ɗan Wurno, wanda ya wuni yana makokin zakaru, shi ya side akushin.

Bayan isha'i ta fara tatsuniya. Ba ta yarda a saurara kawai ba, akwai waƙa a ciki, dole a yi mata amshi. Ta ce mai littafi ne zai ja. Na ce ban iya ba. Ta ce to ba za a ci gaba ba, ta rufe baki ta naɗe hannu, su biyun suka taso mini. Na ja amshin ƙasa-ƙasa. A karo na uku na ji kaina ina tafi, ina rausaya, ina ƙara wa waƙar abin da babu a ciki, ɗan Kano na buga bayan wata ƙwarya.

Sai asabari ya motsa. Malam ya leƙo.

"A ƙaro ruwa ne, Malam?" in ji Inna.

"A'a, alhamdu lillahi."

"To a huta gajiya."

Ya koma. Can an jima ya sake leƙowa, ta tambaye shi ko fankar ce ba ta kai masa, ta sa na je na matsar da ita. Na same shi zaune a ƙolin katifu uku, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, ga kwanuka a rufe. Ya ce mini a hankali, "Me kuke yi wa dariya? Ƙarar injin nan ba ta barina in ji." Na fara ba shi labari, Inna ta ƙwala mini kira.

Ba a daɗe ba janareto ya yi tari ya mutu. Gidan ya yi tsit, sai kukan kwaɗi daga fadama. Muka ji muryar Malam daga wajen darni yana cewa da alama mai ne ya ƙare. Ya dawo ya jawo kujerar roba ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa, daidai inda hasken fitila ya tsaya, ya zauna. Inna ta yi kamar ba ta gan shi ba, sai dai ta ɗan juya ta ƙara murya. Da aka zo amshi na gaba, muka ji wata murya mai kauri ta shigo daga baya, ba ta ma san kalmomin ba. Ɗan Wurno ya kife a tabarma. Inna ba ta ko murmusa ba, ta ci gaba da labarinta, don in ta nuna ta ji, sai ta kore shi.

A jerina ba gidan sauro, amma Inna ta ɗaura mana, ta ce sauro bai san ana wasa ba. Gadon kara na ƙara duk juyin da mutum ya yi. Mun daɗe muna ƙyalƙyala dariya a duhu, da ɗaya ya yi shiru sai gadon wani ya yi magana.

Da safe, bayan ɗumame da kunun tsamiya, Inna ta ce jikoki su mayar da kayan aro. Ɗan Wurno ya je ɗaukar janareto ya girgiza shi, ya ji mai na motsi har rabin tanki. Ya dubi Malam. Malam ya cire tabarau ya shiga gogewa. Muka ɗora katifu a ka muka bi gida-gida, a kowace ƙofa ana tambayarmu ya Malam ya kwana, muna cewa lafiya lau, a kan uku. Katifa ta ƙarshe ta ta gidan can ce. Ita da kanta ta biyo mu har gida, wai ta zo yi wa baƙo sallama. Ta gaishe da Malam, ta ƙare wa kwanukan baƙi kallo, ta ga ƙullin sauran naman da Inna ta ɗaure masa na guzuri.

"Kin kyauta," ta ce wa Inna. "Sai dai shinkafar ta ɗan yi ruwa, daga ƙamshi na ji."

"Daddawarki ma gishiri ya yi mata yawa."

Suka zauna a tabarma ɗaya suka jawo gyaɗa.

A gindin kuka na buɗe ƙwarya kowa ya ɗauki wayarsa, ni na ɗauki littafina. Malam ya ce a duk yawonsa bai taɓa sauka inda aka kula da shi kamar jiya ba, kuma bai taɓa jin an cuce shi kamar jiya ba. Ya ce in ƙara abu na arba'in da biyu a jerina, in rubuta wane ne mutum zai zama in ya shigo gidan. Na buɗe zan rubuta, sai na ga daga na talatin da biyu zuwa ƙasa ba alama ko ɗaya. Na bar su haka.

Kafin mu hau babura wata yarinya ta iso da gudu da saƙon Inna. Ta ce a gaya wa dogon mijin nan, in zai dawo ya taho da itacensa. Malam ya sunkuya ya tambaye ta ko an ba da wani saƙo game da shi. Ta ce eh, Inna ta ce ɗakinsa na nan duk ranar da ya zo, kuma za a nemo injin da ba ya mutuwa.